Gidan Ɗan Hausa, inda aka yanke wa karatun boko cibiya a Kano

Akwai wani gidan ƙasa a unguwar Nassarawa a Kano wanda na tabbata da yawanmu mun sha wucewa ta kusa da shi a adaidaita sahu ba tare da mun waiwaya ba. Sunansa Gidan Ɗan Hausa. In ka ji sunan sai ka ɗauka gidan wani attajirin Bahaushe ne na da, irin masu fataucin goro zuwa Gwanja, to ba haka bane, mai sunan Bature ne fari fat, kuma ba ma haifaffen Ingila ba, mutumin ƙasar Suwizalan ne. Yau gidan yana cikin wuraren tarihi da ake adanawa a ƙarƙashin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, ana kai ɗaliban makarantu da baƙi su gani. Ni dai abin da yasa nake son mu yi maganarsa shine, wannan rubutun da nake yi yanzu da waɗannan haruffan, da makarantar da ni da kai muka je, da ma wani ɓangare na ƙorafin da muke yi kullum cewa an bar Arewa a baya a ilimin zamani, duk in ka bi saiwarsu a hankali sai ka ga ta ratsa ta tsakar gidan nan.

Bari mu ɗan koma baya. Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, lokacin Sarki Alu baya gari ya tafi Sakkwato, a hanyar dawowa aka yi karon Kwatarkwashi inda Waziri Ahmadu ya rasu, daga nan Gwamna Lugga ya naɗa Abbas sarauta. Turawan ba su zauna cikin birni ba, sai suka yada zango a gabas da ganuwa, wajen Nassarawa da Bompai. Ita Nassarawa daman can gandun sarki ce, akwai gidan sarki na shan iska a wurin, akwai bayi da barori masu noma. Abin da ake faɗa game da asalin Gidan Ɗan Hausa shine tun kafin zuwan Turawa akwai gini a wurin, na wani mai kula da gandun sarki ne, shi Baturen da ya zo sai ya sa aka gyara aka faɗaɗa shi ya dace da zamansa. Kenan gidan ya girmi mulkin mallaka, amma siffar da muke gani yau ta zamanin Turawa ce.

To wanene wannan Ɗan Hausa? Sunansa Hanns Vischer, an haife shi a birnin Basel a 1876, ya yi karatu a Kambirij ta Ingila. Farkon shigowarsa ƙasar nan da rigar mishan ya shigo, cikin ƙungiyar mishan ta Ingila da ake kira CMS, wato dai mutanen su Bishop Tugwell da Likita Mila waɗanda suka zo Kano a 1900 Sarki Alu ya sallame su ya ce su koma inda suka fito. Vischer bai daɗe a aikin mishan ba, a 1903 ya karɓi takardar zama ɗan Birtaniya ya shiga aikin gwamnatin mulkin mallaka, aka tura shi Barno. A 1906 ya yi wani abu da ya sa sunansa ya fito, da zai dawo daga hutu maimakon ya biyo jirgin ruwa kamar sauran Turawa sai ya sauka a Tarabulus ya haɗa ayari na raƙuma, ya keto Sahara ta Murzuk da Bilma har tafkin Chadi, kuma cikin ayarin akwai alhazai masu komawa gida da bayin da aka 'yanta masu neman hanyar garuruwansu. Ka ga mutumin da ya yi wata da watanni yana kwana yana tashi da irin waɗannan mutane a cikin rairayi dole harshe ya zauna masa a baki. Yana jin Larabci da Barbarci, Hausa kuwa har ta kai mutane suka laƙaba masa Ɗan Hausa, sunan ya bi shi ya kuma bi gidan har yau.

Nan ne maganar ta fara sarƙewa, kuma nan nake so a ɗan nutsu.

Turawa sun ci ƙasa amma ba su da ma'aikata. Akawunsu da masu buga waya da masu awon ƙasa duk daga kudu ake kawo su ko daga Saliyo da Gwalkwas, wato Ghana ta yanzu, ga tsada ga rashin jin harshen mutane. Suna buƙatar 'yan ƙasa da za su iya rubuta haraji da lissafin baitulmali da shari'ar kotu ta hanyar da Joji, wato Baturen mulki, zai iya karantawa. A kudu mishan ne suka ɗauke wa gwamnati wannan nauyi, su suka buɗe makarantu. A nan kuwa Lugga ya riga ya yi wa sarakuna alkawari a 1903 cewa ba za a taɓa addininsu ba, sannan ga boren da aka yi a Satiru kusa da Sakkwato a 1906 wanda ya girgiza Turawa matuƙa ya nuna musu cewa in aka taɓo addini ƙasar za ta iya kamawa da wuta. Likita Mila ya gwada buɗe makarantar 'ya'yan sarakuna a Zariya abin bai yi armashi ba don kowa ya san shi ɗan mishan ne kuma bai ɓoye manufarsa ba. Saboda haka a zamanin Gwamna Girouard sai aka yanke shawara gwamnati da kanta za ta buɗe makaranta wadda ba ruwanta da wa'azin Kirista, aka ɗauko Vischer a 1908 aka ɗora masa aikin, aka tura shi Masar da Sudan da Gwalkwas ya ga yadda ake yi a can, musamman a ƙasashen Musulmi da Ingila ke riƙe da su. Da ya dawo a 1909 ya buɗe makarantarsa a Nassarawa, a jikin wannan gida.

Da malamai ya fara, ba da yara ba. Wato malaman da suka riga suka yi karatun allo da na littattafai, manya da gemunsu, aka koya musu rubutun boko da lissafi da labarin ƙasa da kiwon lafiya don su zama su ne masu koyarwa nan gaba. Bayan su aka kawo 'ya'yan sarakuna da hakimai, ba daga Kano kaɗai ba har daga sauran larduna, sannan aka yi sashen sana'a inda ake koyon kafinta da ƙira da dukanci da gini. Da Hausa ake koyarwa, yara suna cikin riga da hularsu, ana sallah, akwai malamin addini. Tunanin Vischer shine kar a cire yaro daga cikin al'adarsa ya koma shi ba Bature ba shi ba Bahaushe ba, kar ya dawo gida yana raina ubansa.

In ka ji wannan a sama sama sai ka ce ai wannan mutumin kirki ne, kuma ni ban musa cewa yana ƙaunar Hausa da gaske ba, wanda baya son abu ba zai koye shi har haka ba. Amma gaskiya tsarin yana da fuska biyu kuma dole a faɗi duka biyun. Cewa kar a cire yaro daga al'adarsa, a aikace ta zama kar a koya masa Turanci da wuri, kar a buɗe makarantu da yawa, kar a ba ɗan talaka irin damar da za ta sa gobe ya tsaya gaban hakimi ko gaban Di'o yana tambayar dalili. Turawan Arewa suna kallon 'yan bokon Ikko masu jaridu da lauyoyi a matsayin ciwon kai, basa son irinsu su tsiro a nan. To sai aka yi makaranta daidai buƙatar mulki, a samu magatakarda da ma'aji da malamin haraji da malamin taki mai auna gonaki, shikenan. A daidai lokacin da ƙauyukan kudu ke cika da makarantun mishan, nan ana tafiyar hawainiya da gangan. Da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914 tazarar ta riga ta buɗe, kuma kowa ya san yadda ta dame mu a shekarun 1950 lokacin da aka zo neman 'yan Arewa da za su riƙe ofisoshi aka tarar 'yan ƙalilan ne.

Amma fa kar mu ɗora wa Bature laifin duka mu wanke kanmu. Iyayenmu ma sun guji abin, kuma suna da hujjarsu, mutanen da suka zo da bindiga jiya suka kashe maka sarakuna yau sun ce kawo ɗanka mu koya masa karatu, wa zai miƙa hannu bibbiyu? An sha ba da labarin masu sarautar da aka ce su kawo 'ya'yansu sai suka tura 'ya'yan bayi da na barori a madadinsu, daga baya waɗancan yaran suka zama su ne manyan ma'aikata. Kakata har ta rasu in ta ga mun saka kayan makaranta sai ta tuna mana waƙar da yara ke yi wa 'yan boko a zamaninsu ta cewa basa sallah, tana faɗa tana dariya amma ka san a lokacin ba wasa bane, uwa kuka take in an kama ɗanta za a kai shi makaranta kamar an kai shi gidan yari.

Ita kanta kalmar boko akwai magana a kanta. An daɗe ana cewa wai daga kalmar Turanci ta littafi aka aro ta, amma masanin harshen Hausa Farfesa Paul Newman ya yi bayani cewa kalmar Hausa ce tun asali mai nufin abin da ba na gaske ba, algus ko yaudara, kamar yadda ake cewa amaryar boko, wadda ake sakawa a gaba a rufe ta ba ita ce amaryar gaskiya ba. Wato mutanenmu da suka ga wannan sabon karatu sai suka sa masa suna karatun bogi, na gaskiyar shine na allo. Ni wannan bayanin ya fi kwanta min don ya yi daidai da yadda aka karɓi abin.

Sai maganar rubutu, wadda ita ce ta fi shafar mu kai tsaye. Kafin Turawa Hausa tana da rubutunta na ajami, da shi aka rubuta waƙoƙin wa'azi da wasiƙu, su Nana Asma'u 'yar Shehu duk sun yi rubutu da shi. Gwamnatin mulkin mallaka ta zaɓi haruffan Rumawa saboda su jami'anta suka iya karantawa kuma su ne ke da sauƙin bugawa a injinan da suke da su. Vischer shi ya zauna ya tsara ƙa'idojin rubuta Hausa da waɗannan haruffa, aka buga su a 1912, kuma makarantar Nassarawa ce wurin da aka fara aiki da su sosai. Haruffa masu lanƙwasa irin ɓ da ɗ da ƙ daga baya suka zo, a shekarun 1930 zamanin su Dokta Rupert East na hukumar fassara da talifi a Zariya, daga nan aka samu jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Riba a fili take, ga mu nan muna ta rubutu a Facebook da WhatsApp kowa na fahimtar kowa daga Kano har Damagaram har Kumasi. Amma asarar ma ba ƙarama bace, dare ɗaya malamin da ya sauke Alƙur'ani ya karanci fiƙihu da nahawu yake rubuta wasiƙa da ajami ya koma wai jahili a takardar gwamnati saboda bai iya abacada ba, kuma har gobe jikokinsa basa iya karanta takardun da ya bari a cikin adaka.

Shi Vischer bai wani daɗe a gidan ba in ka lissafa. Matarsa Isabelle ta zo ta zauna da shi a nan har ta rubuta littafi da Faransanci a kan zaman da ta yi a Arewa. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914 sai ya koma Turai aikin soja, bai sake dawowa riƙe makarantar ba. Daga 1923 ya zama sakataren kwamitin da ke ba gwamnatin Ingila shawara kan ilimi a ƙasashen Afirka da take mulka, yana kuma cikin waɗanda suka kafa cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka a Landan a 1926, wato tunanin da aka gwada a Nassarawa ya bi shi ya shiga manufofin ilimi na wasu ƙasashen ma. Ya rasu a 1945. A nan gida kuwa an buɗe makarantun lardi a wurare irin su Sakkwato da Katsina, sannan aka buɗe Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920 wadda ta yaye su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello, ita ce ta koma Kaduna daga baya ta koma Zariya ta zama Barewa. Gidan kuma manyan jami'an Turawa suka ci gaba da zama a cikinsa har aka samu mulkin kai.

Yanzu bari in zo kan ginin kansa, don wallahi shi ya fi taɓa min zuciya. Ranar da na fara shiga da zafin bazara ne, irin ranar da kwalta ke narkewa, ina saka ƙafa cikin soron sai na ji sanyi ya sauko min kamar an kunna iya kwandishan alhali ba wuta ba fanka. Na dafa bangon na ji kaurinsa, na ɗaga kai na tsaya kallon bakan gizon da ya riƙe rufin, yadda ya taso daga jikin bango ya lanƙwaso ya haɗu da ɗan'uwansa a sama ba ƙarfe ba siminti. Wani dattijo da muka shiga tare ya ce min, ɗana ka ga wannan, azara ce kawai da ƙasa da hannun mutum. Haka ne kuwa. Tubali ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, a jera shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa da aka tattake da ciyawa, azara kuma daga giginya ake tsaga ta saboda gara bata cinta da sauƙi, amma bata da tsawon da za ta haye babban ɗaki ita kaɗai, shi yasa magina suka ƙirƙiro dabarar ɗaura ta gaɓa gaɓa ana turo ta gaba kaɗan kaɗan har bakan ya haɗe, irin fasahar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ta ƙarshe a masallacin Juma'a na Zariya. A waje ga zanko a kusurwoyi, ga indararo mai zubar da ruwan sama nesa da gindin bango, ga zanen da aka yi wa fuskar gini tun ƙasar tana ɗanya.

Abin da ke ci min rai shine gidan sunan Bature yake ɗauke da shi, amma ka tsayar da mutum goma cikin masu zuwa kallo ka tambaye su wa ya ɗaura wannan bakan gizo, babu mai kiran sunan magini ko ɗaya. Alhali Kano tana da Sarkin Magina da zuri'ar magina da suka gaji sana'ar kaka da kakanni, su suka yi aikin. Shi yasa in na ji wani yana cewa me za a yi da adana gidan ɗan mulkin mallaka, ai gara a rushe a yi plaza, sai in ce masa to ai aikin kakanninka za ka rushe, Baturen ya tafi tun shekara ɗari da wani abu, ƙasar ta Kano ce, giginyar ta dajinmu ce, hannun da ya yi na Bahaushe ne. Kuma in ma don Baturen ne, ai shaida ce, nan ne za ka kawo yaro ka nuna masa ka ce a nan aka zauna aka tsara wa Arewa irin karatun da za ta samu da wanda za a hana ta.

Sai dai sanya gida cikin jerin wuraren tarihi ba shi ke tsare shi ba. A Najeriya akwai doka tun 1953 ta kula da kayan tarihi, sannan dokar 1979 ta kafa hukumar gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, ita ke riƙe da irin su Gidan Makama da ke cikin birni da tsohon ginin Kwalejin Katsina. Amma duk da wannan doka wani tsohon gida mai ginin 'yan Barazil a tsibirin Ikko da ake kira Ilojo Bar, wanda aka ayyana a matsayin wurin tarihi tun 1956, an wayi gari a 2016 an sa katafila an baje shi. Mu ma nan ba sai an ba mu labari ba, muna gani da idonmu yadda badala ke ƙarewa, nan an yanka fili can an ɗebi ƙasa.

Ginin ƙasa kuma ko ba katafila damina kaɗai ta ishe shi. Rayuwarsa a yaɓe take, duk shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an duba rufi an toshe tsaga an share indararo an sake shafe bango, in aka yi sakaci shekara biyu uku ruwa ya samu hanya ya shiga ya jiƙa azara to labari ya canja. Kuma babban kuskuren da ake yi wa irin waɗannan gine-gine da sunan gyara shine a lafta musu siminti, shi siminti baya numfashi, danshi ya shiga bayansa ya rasa hanyar fita sai ƙasar ta ruɓe daga ciki, wata rana ka ga fallen ya ɓanɓaro gaba ɗaya da rabin bango. Magina na da suna da nasu maganin, makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa a shafe bango da ita, da laso na rufi wanda ake haɗawa da katsi daga gindin rijiyar marina da gashin da ake kankarowa a majema da kuma dafara. Ka duba fa, kafin a yi wa rufin Gidan Ɗan Hausa laso na gaskiya sai marinar Ƙofar Mata tana aiki, sai majema suna jima, sai akwai wanda ya san inda ake samo dafara a daji da yadda ake jiƙa ta. Maginan da suka iya wannan haɗin yawancinsu sun tsufa, 'ya'yansu kuma bulo suke ɗorawa don nan kuɗin yake, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Da za a ɗauko irin waɗannan dattawa a riƙa biyansu duk shekara suna yaɓen gidan, a haɗa su da ɗaliban zanen gine-gine na jami'o'inmu da na kwalejin fasaha su tattaka ƙasar da ƙafarsu su ɗaura azara da hannunsu, da an samu masu karɓar aikin tun masu shi suna da ƙarfin hawa tsani.